Na Ci Maki da Mutuncin Ciyaman

Jama'a, yau ba ni da bakin yi wa kowa dariya. Ku da kuka saba cewa harshena ya fi reza kaifi, to ranarku ta zo, ku gyara zama ku rama. Alfarma ɗaya nake nema, kada wanda ya fara zagina sai ya kai ƙarshe.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, ni ce Auta. Ina shekara ta uku a jami'a, ina karantar harkar kasuwanci, kuma tsarin digirinmu shi ne a wannan shekarar a tura ɗalibi wata ƙasa, rabin mako yana aji, rabin mako yana aiki a kamfani. Wata tara ke nan ina nan. Labarin da ake bayarwa a gidanmu shi ne Auta tana waje tana juya kamfani. Maganar Allah kuwa, abin da nake juyawa kwali ne. Ina sashen kayan da masu saye suka dawo da su, a wani sito mai sanyi kamar cikin firji. In buɗe kwali, in duba ko butar lantarkin ce ta lalace ko mai ita ce ta canza ra'ayi, in manna jar takarda ko koriya, in tura gaba. Rigar aikina wata 'yar falmaran ce ruwan lemo mai ƙyalli, wadda ko maƙiyina ba na so ya gan ni a ciki.

Hotunan da nake turawa guruf ɗin dangi kuwa, a ɗakin taro na hawa na huɗu nake ɗauka idan manya sun fita cin abinci. Baƙar kwat, farin mayafi, biro a hannu, ina kallon taga kamar mai tunanin makomar tattalin arzikin duniya. Mama ta sa an wanke ɗaya an saka masa gilashi, yana nan rataye a falo saman talabijin.

Sai kuma Ciyaman, mai nemana. Sunansa na yanka ya ɓace tun ranar da ya buga katin kamfani, yanzu ko mahaifiyarsa Ciyaman take ce masa. Dogo ne, mai fara'a, turarensa yana riga shi yin sallama. Kujerun ofis yake sayarwa, irin masu juyawa ɗin nan. Kuma kafin in ce komai a kansa, dole in faɗi wannan: lokacin da Baba ya kafe ya ce babu inda zan je, Ciyaman ne ya yi ta sintiri gidanmu. Sau huɗu yana zuwa, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa da kwat ɗinsa, yana cewa, “Baba, kan Auta ba na ajiyewa a ɗaki ba ne. A bar ta ta je, ni zan jira.” Ba don shi ba da ko filin jirgi ban gani ba.

Tun daga nan Mama ta ɗauke shi ta sa a aljihu. Kullum da safe saƙonta ne ke tashe ni.

“Kin gaisa da Ciyaman yau?”

“Mama, ina kwana tukuna.”

“Lafiya lau. Kin gaisa da shi?”

Gwaggo kuma, yayar Baba, ba ta rubutu, saƙon murya take turowa, kuma kullum hudubar ɗaya ce: “'Yar nan, mai kamfani sukutum ba a barinsa a rana. Ki gama juye-juyenki ki dawo a tsayar da magana.”

To, ga inda na jawo wa kaina ruwa.

Akwai wata malama a sashenmu da muke kira Mai Jan Biro. Gajeriya ce, gashinta fari fat, tabarau a rataye a wuya, kuma ba a taɓa ganin haƙoranta ba. Ita ke kula da babban aikin shekara: kowane ɗalibi ya nemi ƙaramin kamfani na gaske, ya bincike shi ciki da waje, ya rubuta rahoto shafi arba'in, sannan ya tsaya gaban malamai uku ya kare abin da ya rubuta. Wanda ya faɗi, shekarar tasa ta tashi a banza, sai ya koma gida ya maimaita. 'Yan ajinmu suka bazu cikin sanyi suna bin shaguna suna roƙon masu su. Ni kuwa 'yar wayo, ina kwance cikin bargo na danna wa Ciyaman kira.

“Ranka ya daɗe, jami'armu na son ta yi nazari a kan kamfaninka.”

Sai na ji ƙarar kujera ta juya.

“Jami'ar waje?”

“Ita fa.”

“Auta, dama na san wannan ranar za ta zo. Me suke buƙata?”

Kafin la'asar ya cika mini waya. Hoton allon kamfani ta gaba da ta gefe, zanen tsarin shugabanci mai akwati goma sha ɗaya, bidiyon ofis, rubutattun bayanan taro na shekara biyu, lambobin ma'aikatansa, har da lambobin maƙwabtansa na ƙasan bene, wai su ba da shaida.

Da na zauna na baje kayan nan, sai na ga abin da ban nema ba. Kamfanin ɗaki ɗaya ne a saman bene. A ciki akwai kujeru sittin, hamsin da shida suna cikin leda, huɗu kuma ana zaune a kansu. Ciyaman a ɗaya, sai daraktocinsa uku. Akwai Daraktan Tsare-tsare, ɗan kawunsa. Akwai Daraktan Hulɗa da Ƙasashen Waje, wanda ko fasfo ba shi da shi. Sai Daraktan Gamsar da Masu Saye, bawan Allah da bai taɓa ganin mai saye ba balle ya gamsar da shi. Kowace Litinin suna taro, kuma abu na farko a kowane taro shi ne karanta abin da aka tattauna a taron baya, inda aka karanta na bayansa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maƙwabtan. Na kira mai askin ƙasan benen, ya ce, “Hajiya, sau uku ina hawa benen nan in sayi kujera biyu. Ya ce su da manyan ma'aikatu suke hulɗa, ba sa sayar da ɗai-ɗai.” Tela ya faɗi haka. Mai gyaran waya ya ce shi har shayi aka ba shi da kati, amma kujera aka hana shi. Wato masu saye suna hawa bene da ƙafarsu, Ciyaman yana rako su ƙasa cikin mutunci, ya koma yana jiran ranar da banki zai aiko a kawo ɗari biyar.

Na rubuta kashin farko da taushi. Na ce kamfanin yana da hangen nesa, yana da shugaba mai kishi, ƙalubale ne kawai nan da can. Mai Jan Biro ta dawo mini da shi kamar an yanka kaza a kai. A saman shafin farko ta rubuta: “Wannan rahoto ne ko wasiƙar soyayya? Faɗi abin da kika gani.”

Ba ta san ta taɓo inda yake mini ciwo ba. Na ce to, gaskiya ake so? Na wasa alƙalami.

A nan ne nake so ku fara tattara duwatsunku, domin ba tilasta mini aka yi ba, daɗi na ji. Ina rubutawa ina karanta wa abokiyar ɗakina, wata doguwa mai karatun lissafi, tana dariya har tana buga tebur. Ita ke tafi, ni ke ƙara gishiri. A shafi na goma sha bakwai na rubuta jimlar da na fi alfahari da ita: “Babbar matsalar kamfanin mai shi ne, domin ya fi son a gan shi yana kasuwanci a kan ya yi kasuwancin.” Na rubuta wannan, ni da nake satar ɗakin taro ina ɗaukar hoto. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

A raina cewa nake wa zai gani? Malamai uku ne za su karanta a ƙasar da ba su san shi ba, su ba ni makina, a jefa a kabad. Ranar miƙawa aka ba mu wani fom mai shafi uku. Na ga gurbin adireshin imel na mai kamfani, na cike. Na ga ƙananan akwatuna, na bi su da alama ɗaya bayan ɗaya, na sa hannu. Ɗalibar kasuwanci, wadda ta ci jarrabawa a kan kada a sa hannu a takarda sai an karanta.

Ran Litinin ina sito, hannuna cikin kwalin injin markaɗe, wayata ta fara rawa a aljihu ba tsayawa. Na laɓe bayan tarin kwalaye na duba. Saƙo saba'in da uku a guruf ɗin dangi. A sama, Ciyaman ne ya turo hoton wasiƙa mai tambarin jami'a. Sashenmu na gode masa, kuma bisa al'adarsu suna gayyatar mai kamfani ya halarci kare rahoto ta bidiyo, a matsayin babban baƙo, ranar Laraba.

A ƙasa ya rubuta: “Alhamdulillah. Jami'ar waje za ta gabatar da kamfaninmu. Zan kawo babbar talabijin ɗin ofis gidan Mama mu kalla tare.”

Mama ta rubuta: “Allah ya yi muku albarka ku biyun.”

Gwaggo ta turo saƙon murya na minti shida, rabinsa kuka.

Ko falmaran ban cire ba na hau bas zuwa makaranta, na sami Mai Jan Biro a ofis tana cin tuffa da wuƙa.

“Malama, a cire mai kamfanin daga taron.”

Ta jawo fom ɗina ta ɗora yatsa a kan akwati na biyar. “Wannan hannunki ne?”

“Nawa ne, amma…”

“Kin amince a gayyace shi.”

“To zan sauya abin da zan faɗa. In ɗan rage.”

Ta sa tabarau ta dube ni tun daga mayafi har takalmin sito. “Abin da kika rubuta shi za ki kare. In bakinki ya saɓa wa takardarki, ɗaya daga cikinsu ƙarya ne, kuma ba na ba wa ƙarya maki. Me ya sa kike tsoronsa? Ɗan'uwanki ne?”

“Shi zan aura.”

Wallahi sai da ta ajiye tuffar. Sannan ta ce, “To kina da kwana biyu ki faɗa masa da bakinki.”

Na gwada, Allah shi ne shaidata. Da yamma na kira shi.

“Ciyaman, game da rahoton nan, akwai wasu wurare…”

“Dakata, duba wannan tukuna.” Ya juya kyamara. Sabuwar kwat ruwan toka a rataye, da taye uku a kan gado. “Wanne? Daraktan Tsare-tsare ya ce ja, ni kuma ina ganin shuɗi ya fi kama da ƙasa da ƙasa.”

“Shuɗin. Amma ka san su malaman nan suna son a fito da matsaloli…”

“Ai dole! Kowane babban kamfani yana da ƙalubale. Kin sa maganar lantarki?”

“Na sa.”

“Da tsadar haya? Shi ke nan. Auta,” sai ya sassauta murya, “ban taɓa gaya miki ba. 'Yan gidanmu suna ganin wasa nake yi. Yayana ya ce in rufe in zo shagonsa in riƙa jiran kanta. Ke kaɗai ce ba ki taɓa yi mini dariya ba.”

Ku gaya mini, bayan wannan ta ina zan fara? Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Allah ya kai mu Larabar.”

Laraba ta zo ba ta yi lattin ko minti ɗaya ba. Na sa baƙar kwat ɗin hoto, na ɗaura farin mayafin, na shafa hoda sau biyu saboda zufa, a garin da mutane ke yawo da safar hannu. Ƙarfe goma na safe na shiga ɗakin. Dogon tebur, malamai uku: Mai Jan Biro a tsakiya, wani tsoho mai sanƙo a dama, wata matashiya mai yawan murmushi a hagu. A bango kuma ga ƙaton allo.

Allon ya kawo, sai ga falonmu.

An ture teburin tsakiya gefe. Mama na zaune a doguwar kujera cikin leshinta mai ruwan zuma wanda ba ta sawa sai da dalili, da sarƙar da ke sa mata ƙaiƙayi. Baba na gefe ya harɗe hannu. Gwaggo ta kawo maƙwabta biyu. Daraktoci uku suna tsaye a baya a jere, kowa da kati a maƙale a ƙirji. Ga lemo da biskit a faranti. A gaba kuma Ciyaman, cikin kwat ruwan toka da shuɗin taye, a kan kujera mai juyawa da ya ɗauko musamman daga ofis.

“Ga ta can! Ga Auta!” in ji Gwaggo, tana ɗaga wa allo hannu. “Kai, ta rame. Ba sa ba ta abinci ne?”

Ba su kashe makirfonsu ba. Malaman ba sa jin Hausa, murmushi kawai suke yi. Ni kaɗai nake jin komai.

Mama ta taɓa hannun Ciyaman. “Ɗana, Turancin nasu da sauri yake. Kai za ka riƙa fassara mana.”

“An gama, Mama.”

Na fara. Na ambaci sunan kamfanin, falonmu ya kaure da tafi. Na nuna hoton allon kamfani, aka sake tafawa. Daga nan na shiga shafi na shida. Na ce a cikin shekara biyu kamfanin bai sayar da kujera ko ɗaya ba.

Na saci kallon allo. Murmushin Ciyaman yana nan, amma ya daina motsi.

“Me ta ce?” in ji Mama.

“Ta ce kayanmu suna nan cif, Mama, babu wanda ya salwanta.”

“Ma sha Allah!”

Na ce kamfanin yana da daraktoci uku da babu wanda ya iya bayyana aikinsa a cikinsu. Daraktan Tsare-tsare ya sunkuyar da kai, shi ma yana ɗan tsintar Turanci.

“Yanzu fa?”

“Tana yaba ma'aikata ne. Ta ce ba su da hayaniya.”

Na kawo maganar mai aski, da tela, da mai gyaran waya. Na ce kasuwar kamfanin tana ƙasan benensa, amma girman kai ya hana a sauko. Haka na rubuta, haka na faɗa, domin Mai Jan Biro tana bin takardar da yatsa layi bayan layi.

“Ta ce maƙwabta suna sonmu,” in ji Ciyaman. Ya kai hannu ya ɗan sassauta tayen.

Gwaggo ta juya wajen maƙwabtanta. “Kun ji ko? Tun ba a yi ba ma tana kare masa dukiya.”

Minti ashirin ina sara, yana ɗinkewa. Da na gama na ce a raina, Allah na gode, na tsallake shafi na goma sha bakwai, tunda ba dole ne a karanta kowane layi ba. Sai tsoho mai sanƙo ya gyara murya ya buɗe takardarsa.

“Akwai wata jimla a nan da ta burge ni. Shafi na goma sha bakwai, sakin layi na biyu. Karanta mana, sannan ki gaya mana ko har yanzu kina kan bakanki.”

Na dubi takardar. Na dubi Mai Jan Biro, ta ɗora jan biron a kan fom ɗin maki tana jira. In na janye, shekarata ta tafi, wata tara na sanyi da kwali sun tashi a banza. In na tsaya, ga mutumin da ya zauna a ƙasa gaban Baba saboda ni. Ina so in ce muku na yi dogon tunani. Ban yi ba. Ko daƙiƙa biyar ban kai ba.

Na karanta. Kalma bayan kalma, babbar matsalar kamfanin mai shi ne, har ƙarshe. Sannan na ce, “Ina kan bakana.”

Falonmu ya yi tsit, suna jiran fassara. Ciyaman kuwa ni yake kallo, kai tsaye, kamar babu teku a tsakaninmu.

“Ɗana, me ta ce? Na ji kamar da kai take.”

“Da ni take, Mama. Cewa ta yi ta san ni sosai.”

“Ayyo!” Mama ta rufe baki da gefen mayafi tana dariyar jin kunya. Har Baba sai da ya murmusa.

Shekara biyu ina ɗaukar mutumin nan kamar wani abin nishaɗi da Mama ta zaɓa mini, mai kirki, mai ban dariya, wanda za a iya zama da shi. Sai yau, yana zaune yana rufa mini asiri da tsumman mutuncinsa da na yayyaga, na ji ina sonsa. So na gaske, mai ciwo. Kun ga rashin dabara irin tawa, sai da na fasa tulun na san akwai ruwa a ciki.

Matashiyar malamar ta juya ga allo. “Ko babban baƙonmu yana da abin cewa?”

Ya miƙe. Ya ɓalla maɓallin kwat ɗinsa. Cikin Turancinsa mai tsafta, a hankali, ya ce duk abin da ɗalibar ta faɗa gaskiya ne, bai ga kuskure ko ɗaya ba, ta yi aiki da ƙwarewa, kuma yana roƙon a ba ta makin da ya dace da ita. Ya gode musu, ya zauna.

“Sun tambaye ni ko Auta ta iya aiki,” ya gaya wa Mama. “Na ce babu kamarta.”

Tafin da aka yi a falonmu har lasifikar ɗakin sai da ta yi ƙara. Aka kashe allo. Bayan minti goma suka kira ni ciki, suka ce makina ne mafi girma a ajin bana. Mai Jan Biro ta miƙo mini hannu, ta riƙe nawa ya ɗan daɗe.

Na fito na zauna a kan matakala. Guruf ɗin dangi yana ta tafasa, hotuna, addu'o'i, Gwaggo tana tambayar ko za a nuna a labarai. Shi kuwa shiru. Na kira, bai ɗauka ba. Na sake, bai ɗauka ba. Sai bayan awa ɗaya kiransa ya shigo. Na ji ƙarar motoci, wato yana cikin motarsa a ƙofar gidanmu.

“Barka, Auta. Na ji an ce kin zo ta ɗaya.”

“Ciyaman, don Allah ka saurare ni…”

“Na saurare ki ai. Minti ashirin da bakwai.” Babu faɗa a muryarsa, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. “Tun yaushe kika san duk wannan?”

“Wata biyar.”

“Wata biyar. Kullum in na ce miki muna jiran kwangila, ki ce Allah ya kawo.”

“Ban san yadda zan faɗa maka ba.”

“Amma kin san yadda za ki faɗa wa baƙi. Har da lambar shafi. Ba gaskiyar ce ta yi mini ciwo ba. Gobe zan sauka in kai wa mai aski kujerunsa da kaina, shawararki mai kyau ce. Jimlar nan ce. Wanda ya rubuta ta yana dariya ya rubuta. Ko ba haka ba?”

Hawaye ya riga ya ɓata mini hoda. Na ce, “Haka ne.”

“Na gode da ba ki musa ba.” Na ji ya ja dogon numfashi. “Kawunnaina sun shirya zuwa wajen Baba ran Asabar. Da na so ya zama albishir ɗin da zan yi miki yau. Ban ce su fasa ba, kuma Mama ba za ta ji komai daga bakina ba. Tambaya ɗaya gare ni, amma kada ki amsa a waya, na lura sai a rubuce kike faɗin gaskiya. Ki rubuto mini kafin Asabar. Mutumin da ke cikin rahoton nan, za ki iya zama da shi ba kina yi masa dariya a ranki ba?”

Ya kashe.

Yau Alhamis. Na ce wa shugaban sito ba ni da lafiya, kuma ban yi ƙarya sosai ba. Ina zaune a bakin gado da kwamfuta a cinya tun safe, shayina ya huce, abokiyar ɗakina tana ta wucewa a kan yatsun ƙafa kamar gidan da aka yi rashi. Mama ta turo hoton labule kala uku, wai in zaɓi wanda za a sa a falo kafin baƙi su zo.

Amsar da nake so in ba shi ita ce eh, kuma wallahi har cikin raina take. Na rubuta ta sau tara. Da dogon bayani, da gajere, da rantsuwa, da ba rantsuwa. Amma duk wadda na rubuta sai in koma in karanta ta da idonsa, in ga cewa ni kaina, da na san marubuciyar, ban yarda da ita ba.

Asabar kuma jibi ce.